Su Wa Ke Zaune a Kujerun? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ma'aikatan Manufofin Tsaro na Ƙasa da Ƙasa da Na Ilimin Noma

Idan aka rantsar da sabuwar gwamnati, hankalin jama'a yana kan ministoci. Amma ƙarƙashin kowane minista akwai dubban kujeru da ba a jin sunayen masu su, kuma a nan ake yin ainihin aikin. Wannan shafin ya amsa tambayoyin da aka fi yi kan yadda gwamnatoci ke cike kujerun a fannoni biyu: ofisoshin da ke tsara huldar tsaro da wasu ƙasashe, da hukumomin da ke kula da koyar da noma.

Me ya haɗa tsaro da ilimin noma har aka sa su a shafi ɗaya?

Abu biyu. Na farko tarihi ne. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha fili eka 30,000 a kan kowane ɗan majalisar tarayya da take da shi, ta sayar ta kafa kwalejin noma da sana'o'in injiniya. A cikin dokar aka rubuta cewa kwalejojin za su koyar da dabarun soja ma. Shi ya sa har yau jami'o'i irin su Texas A&M da Virginia Tech suke da rundunar ɗalibai masu sanye da kaki. Yawancin filayen da aka raba kuwa daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su, abin da aka daɗe ba a cika faɗa ba.

Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina, duk fannonin biyu aikinsu ya fi wa'adin gwamnati tsawo. Yarjejeniyar tsaro tana iya cin shekaru ana tattaunawa kafin a sa hannu. Sabon irin shuka yana iya cin shekara goma daga gonar gwaji zuwa hannun manomi. Wanda ya fara aikin ba lallai shi zai ƙarasa ba, saboda haka darajar ofis tana ga mutanen da suka zauna suka san inda aka kwana.

Mene ne aikin mai tsara manufofin tsaro na ƙasa da ƙasa? Ba aikin soja ba ne?

Soja yana tsara yadda za a yi yaƙi. Mai tsara manufa yana amsa tambayoyin da ke zuwa kafin wannan: da wa za mu yi ƙawance, wa za mu sayar wa makamai da kuma bisa wane sharaɗi, a ina za mu girke dakaru, me za mu ce idan ƙawarmu ta yi abin da ba mu so. Rabin ranarsa a rubuce-rubuce take ƙarewa: taƙaitaccen bayani ga minista kafin ya gana da takwaransa, daftarin yarjejeniya, amsa ga majalisa. Sauran rabin kuma taro ne da ma'aikatar harkokin waje da hukumomin leƙen asiri da hafsoshin soja, waɗanda ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

A Amurka wannan aikin yana ƙarƙashin ƙaramin sakataren tsaro mai kula da manufofi, kujerar da Michèle Flournoy ta riƙe daga 2009 zuwa 2012. A ƙarƙashin wannan kujera akwai mataimaka da aka raba wa yankunan duniya. A Faransa, a 2015 aka haɗa wannan aikin a babban sashe guda mai suna DGRIS a cikin ma'aikatar soja.

Me ya sa ake nacewa farar hula ne zai shugabanci ma'aikatar tsaro?

Don wanda ke riƙe da bindiga ya kasance yana amsa wa wanda jama'a suka zaɓa. Dokar tsaron ƙasa ta Amurka ta 1947 ta hana naɗa tsohon hafsa sakataren tsaro, wato ministan tsaro, sai ya yi shekara 10 da tuɓe kaki. A 2008 aka rage zuwa 7. Sau uku majalisa ta ɗage wannan sharaɗi: ga George Marshall a 1950, ga James Mattis a 2017, da Lloyd Austin a 2021. Biyu na ƙarshe sun zo kusa da juna, abin da ya sa masana da dama suka ce togaciya na neman zama al'ada.

Wasu ƙasashen sun makara kafin su kai nan. Birazil ba ta da ma'aikatar tsaro guda sai a 1999. Kafin nan sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowa da ministansa.

Mene ne bambancin naɗin siyasa da ma'aikacin dindindin?

Mai naɗin siyasa da gwamnati yake zuwa, da ita yake tafiya. Ma'aikacin dindindin ta jarrabawa ko gasar cancanta yake shiga, kuma yana nan ko wace jam'iyya ta ci.

Amurka ba ta koyi wannan bambancin da sauƙi ba. A ƙarni na 19 duk wanda ya ci zaɓe sai ya raba muƙamai ga magoya baya, tun daga jakada har mai raba wasiƙa. A 1881 wani mai suna Charles Guiteau, wanda ya ɗauka ya cancanci muƙami bai samu ba, ya harbi Shugaba James Garfield, wanda ya rasu bayan watanni. Shekara biyu bayan haka, a 1883, aka yi dokar Pendleton da ta kawo ɗaukar aiki ta hanyar jarrabawa. Duk da haka, har gobe sabon shugaban Amurka yana da kujeru kusan 4,000 da zai cike da hannunsa, kuma fiye da 1,200 daga ciki sai majalisar dattawa ta amince. An daɗe ana buga jerinsu bayan kowane zaɓen shugaban ƙasa a wani kundi da ake wa laƙabi da Plum Book.

Tsakanin 'yan siyasa da ƙananan ma'aikata akwai rukunin manyan daraktoci da dokar 1978 ta kafa. Dokar ta ce 'yan naɗin siyasa kada su wuce kashi 10 cikin 100 na wannan rukunin a faɗin gwamnati.

Haka ake yi a ko'ina?

A'a, Amurka ce ma ta fita daban. A Birtaniya, tun rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 aka ɗora aikin gwamnati a kan jarrabawa. Idan gwamnati ta sauya, ministoci kaɗan da masu ba su shawara ne ke sauka. Babban sakataren ma'aikatar tsaro yana nan a kujerarsa, washegari ya gaishe da sabon minista. Faransa ta kafa makarantar ENA a 1945 don horar da manyan ma'aikata, aka maye gurbinta da INSP a 2022 bayan dogon ƙorafi cewa 'ya'yan masu hali ne suka mamaye ta. A Indiya, sakataren tsaro yawanci ɗan rukunin manyan ma'aikatan mulki ne da suka shigo ta jarrabawar UPSC, hukumar ɗaukar ma'aikata ta ƙasa, wanda ƙila jiya yana kula da kuɗi ko makamashi.

Kowane tsari da cutarsa. Na Amurka yana shigo da sabon jini da mutanen da shugaba ya yarda da su, amma yana barin kujeru fanko wata da watanni. Na Birtaniya da Indiya ba ya barin gurbi, amma ana zarginsa da ɗora mai ilimin komai da komai a inda ake bukatar ƙwararre, da kuma yawan sauya wa mutum wurin aiki kafin ya goge.

Idan kujera ta zama babu kowa, me ke faruwa?

Wani ya riƙe ta riƙon ƙwarya. Dokar Amurka ta 1998 ta ba mai riƙo kwana 210, ko 300 a farkon sabuwar gwamnati. A takarda aiki bai tsaya ba. A zahiri kuwa mai riƙon ƙwarya yana taka-tsantsan da duk shawarar da za ta ɗaure wanda zai gaje shi, kuma takwarorinsa na ƙasashen waje sun san haka. Me zai sa ministan wata ƙasa ya yi rangwame ga mutumin da bai san ko zai same shi a taro na gaba ba?

An ga girman abin a 2023, lokacin da Sanata Tommy Tuberville shi kaɗai ya tsayar da ƙarin girman hafsoshi fiye da 400 kusan wata goma, saboda saɓani da ma'aikatar tsaro kan wata manufa. Akwai lokacin da sojan ƙasa da sojan ruwa da rundunar Marine duk masu riƙon ƙwarya ne ke jagorancinsu.

Me ya sa ɗaukar aiki a fannin tsaro ke jan lokaci haka?

Tantancewa. Kafin a bar mutum ya ga takardun sirri sai an binciki inda ya zauna, inda ya yi aiki, basussukansa, tafiye-tafiyensa, da dangantakarsa da 'yan ƙasashen waje. A Amurka akwai matakai uku na sirri, kuma binciken mataki mafi girma yana iya cin watanni da dama. Abin da ake nema shi ne ko akwai wata igiya da wani zai iya jan mutumin da ita, bashi ne ko wani abin kunya da yake ɓoyewa.

Akwai wani abin takaici a nan. Wanda ya fi dacewa da aikin, wato wanda ya zauna a wata ƙasa, ya iya harshenta, yana da dangi a can, shi ne bincikensa ya fi wuya. Sau da yawa kafin a gama ya sami wani aikin.

Jami'in soja da ke ofishin jakadanci fa, yaya ake zaɓensa?

Rundunarsa ce ke zaɓensa, amma ƙasar da za shi tana da ta cewa. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 kan huldar jakadanci, a sashe na 7, ta ba ƙasa mai masauki damar neman a miƙa mata sunayen jami'an soja tun kafin su zo, ta amince ko ta ƙi. Aikinsa a fili yake: ya lura, ya ƙulla zumunci da hafsoshin ƙasar, ya aika rahoto gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A makarantar koyon harsuna ta sojan Amurka da ke Monterey, kwas ɗin Larabci ko Sinanci ko Koriyanci mako 64 ne, kuma wannan harshe ne kawai, ba a zo kan digiri na biyu da zaman sanin ƙasa ba. Ƙasar da ta ga rikici ya ɓarke sannan ta fara neman masu jin harshen yankin ta riga ta makara da shekaru.

Ƙungiyoyin ƙawance irin su NATO suna da nasu ma'aikatan?

Suna da su. A hedikwatar NATO da ke Burussel akwai ma'aikata farar hula kusan 1,000 ƙarƙashin babban sakatare, da kuma wani rukuni na hafsoshi da ƙasashe ke turowa aro. 'Yan ƙasashen ƙungiyar kaɗai ake ɗauka.

To, a ɓangaren noma, su wa ake nufi da ma'aikatan ilimin noma?

Rukuni uku ne, kamar duwatsun murhu. Akwai malamin aji, a sakandare ko kwaleji ko jami'a. Akwai mai bincike a tashar gwaji. Akwai malamin gona, mai kai sakamakon bincike wurin manomi ya kuma dawo da matsalar manomi wurin mai bincike. Idan ɗaya ya gurgunce, tukunyar ba ta zama.

Amurka ta kafa su ɗaya bayan ɗaya: kwalejoji a 1862, tashoshin gwaji da dokar Hatch a 1887, malaman gona da dokar Smith-Lever a 1914, darasin noma a sakandare da dokar Smith-Hughes a 1917. A 1890 aka yi dokar Morrill ta biyu wadda ta samar da kwalejoji ga baƙaƙen fata a jihohin da ke nuna wariya, a 1994 kuma aka shigar da kwalejojin 'yan asalin ƙasar. Tun kafin dokar 1914, makarantar Tuskegee, inda George Washington Carver ke koyarwa, ta fara fita da keken doki ɗauke da kayan koyarwa zuwa gonakin talakawa a 1906.

Wa ke biyan malamin gona a tsarin Amurka?

Hannu uku: gwamnatin tarayya, jiha, da gunduma. Shi kuwa malamin yawanci ma'aikacin jami'ar jiha ne, ba na ma'aikata ba, ko da yake ofishinsa yana cikin gundumar da yake wa aiki. Wannan dabara tana da amfani biyu. Gundumar da ke sa kuɗinta tana sa ido a kan aikin. Kuma tunda jami'a ce uwar gidansa, sauyin gwamnati a Washinton ba ya tuɓe shi.

Ana iya naɗa ɗan siyasa ya shugabanci binciken noma?

Doka ta yi ƙoƙarin rufe wannan ƙofa. Dokar noma ta Amurka ta 2008 ta kafa hukumar NIFA, mai raba kuɗin bincike da koyarwa ga jami'o'i, ta ba daraktanta wa'adin shekara 6, wato ya zarce na shugaban da ya naɗa shi. Ta kuma ce ƙaramin sakatare mai kula da bincike da ilimi, wanda shi ne babban masanin kimiyya na ma'aikatar noma, a zaɓo shi daga cikin fitattun masana. A 2017 aka gabatar da Sam Clovis, wanda ya yi wa Shugaba Trump aikin yaƙin neman zaɓe, ga wannan kujera. Masana da yawa suka yi ca cewa ba masanin kimiyya ba ne. Ya janye a watan Nuwamba na shekarar, bayan sunansa ya fito a wani bincike daban.

Da gaske ne sauya wa ofis gari yana iya kashe shi?

Bai kashe ba, amma ya jigata. A 2019 ma'aikatar noma ta Amurka ta mayar da NIFA da hukumar binciken tattalin arzikin noma daga Washinton zuwa birnin Kansas. Hujjar gwamnati ita ce rage kashe kuɗi da kusantar manoma, kuma ba hujjar banza ba ce. Sai dai an ba ma'aikata ɗan gajeren lokaci su zaɓa: su bi ko su bari. Fiye da rabinsu suka bari. Rahotanni suka yi jinkiri, sakin kuɗin tallafi ga jami'o'i ya yi jinkiri.

Daga baya an cike guraben, a lissafi adadin ya dawo. Amma wanda ya yi shekara ashirin yana bin alƙaluman auduga ko madara, ya san wane adadi ne ba a yarda da shi ba da kuma dalili, sabon ɗauka ba zai gaji wannan daga fayil ba. Ga alama masu shawarar sun ƙidaya kujeru ne, ba su ƙidaya shekarun da ke zaune a kansu ba.

Akwai ƙasashen da suka yi abin koyi?

Indiya ta ware wa masu binciken noma tasu hukumar ɗaukar aiki a 1973, don kada a auna masanin ƙasa ko na ƙwari da ma'aunin jami'in mulki. Jami'ar noma ta Pantnagar, da aka buɗe a 1960, an gina ta ne a kan tsarin kwalejojin Amurka da taimakon Jami'ar Illinois. A 1974 aka buɗe cibiyar koyar da manoma ta farko a Pondicherry. Yanzu sun haura 700, kusan kowace gunduma da tata.

Birazil ta kafa hukumar binciken noma mai suna Embrapa a 1973, kuma abin da ta fara yi shi ne tura ɗaruruwan ma'aikatanta karatun digiri na biyu da na uku a gida da waje, tun ba a ga amfanin ba. Su ne suka dawo suka gano yadda za a yi amfani da farar ƙasa a gyara ƙasa mai tsami ta yankin Cerrado, suka fitar da irin waken suya mai jure zafi. Faransa kuma ta bar makarantun sakandaren noma a hannun ma'aikatar noma maimakon ta ilimi, kuma yawancinsu suna da gonarsu.

Birtaniya ta bi wata hanya dabam: a 1997 ta sayar da hukumar ba manoma shawara, ADAS, ga 'yan kasuwa. Mai iya biya yana samun shawara mai kyau.

Me ya faru da tsarin "horo da ziyara" da aka taɓa yayi?

Wani masanin noma mai suna Daniel Benor ne ya tsara shi, Bankin Duniya ya yaɗa shi daga shekarun 1970 zuwa ƙasashe da dama na Asiya da Afirka. Tsari ne mai tsauri: malamin gona yana da ranar da zai je kowane rukunin manoma duk mako biyu, yana da ranar da shi ma za a horar da shi, kuma ba a ɗora masa rabon taki ko karɓar bashi. An ɗauki ma'aikata da yawa, an sayi babura.

Matsalar ita ce bashi yana da ƙarshe, albashi ba shi da shi. Da kuɗin aikin ya ƙare, gwamnatoci suka gaji dubban ma'aikata ba kuɗin mai ba kuɗin horo. Albashi ya cinye kasafin, malamin gona ya zauna a ofis. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 bankin ya daina tallafa wa tsarin. Duk wanda ya ji an ce za a ɗauki malaman gona dubu kaza, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce wa zai zuba mai a babur a shekara ta shida.

Fannonin biyu sun taɓa haɗuwa a fagen aiki?

Sun haɗu a Afganistan. A 2008 dakarun sa-kai na jihar Missouri ta Amurka suka tura tawaga zuwa lardin Nangarhar, wadda aka zaɓo 'yanta daga sojojin da a gida manoma ne, ko likitocin dabbobi, ko masanan ban ruwa. Wasu jihohin suka bi sahu. Sun gyara magudanan ruwa, sun koyar da kiwo da adana amfani. Rauninsu shi ne wa'adi: tawaga ba ta cika wuce shekara guda ba, damina ɗaya ke nan, sai wata ta zo ta fara sanin mutane daga farko. Bishiyar da aka dasa, wanda ya dasa ta bai ga 'ya'yanta ba.

Me ya kamata mai sha'awar ɗayan fannonin ya karanta, kuma baƙo na iya nema?

Ga manufofin tsaro: huldar ƙasa da ƙasa, tarihi, shari'a ko tattalin arziki, da harshe guda na waje da mutum ya iya da gaske. Iya rubuta shafi ɗaya da minista zai karanta cikin minti biyu ya fahimta ya fi tarin takardun shaida amfani. Ga ilimin noma: digiri a wani reshe na noma, sannan horon koyarwa ko na aikin malamin gona, mai son bincike kuwa sai ya kai digiri na uku.

Batun baƙo, ƙofar tsaro a rufe take kusan ko'ina: sai ɗan ƙasa, saboda tantancewa. Ko a ma'aikatar noma ta Amurka, yawancin guraben tarayya na 'yan ƙasa ne. Jami'o'i sun fi sassauci, suna ɗaukar malamai da masu bincike daga ko'ina. Haka ma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Rum, da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa irin su IRRI mai binciken shinkafa a Filifin da CIMMYT mai binciken masara da alkama a Meziko, waɗanda ke tallata gurabensu a shafukansu na intanet.